Kyamarar Turawa da Abubuwan Tarihin Borno

Lokacin da fasahar ɗaukar hoto ta bayyana a Faransa a 1839, sai an daɗe a gaban na'ura kafin hoto ya kama. Ɗan Adam kuwa ba ya rasa motsi ko ƙifta ido. Shi ya sa masu hoto na farko suka fi karkata ga gumaka da manyan gine-gine. A 1850 Maxime Du Camp ya ɗauki gumakan Abu Simbel na ƙasar Masar, yana tsayar da mutum ɗaya a jikinsu domin mai kallo ya gane girmansu. Daga nan salon ya samu gindin zama: dutse ake nunawa, ɗan ƙasa kuwa ma'auni ne kawai.

Da kyamara ta iso Borno tare da sojojin mulkin mallaka, ba ta tarar da gumakan sarakuna ba. Musulunci ya shiga fadar Kanem, tushen sarautar Borno, tun ƙarni na 11, saboda haka girman sarauta yana cikin ganuwa, da gasasshen tubalin Birnin Gazargamu, da fadar Kukawa, da dawaki sanye da lifidi. Waɗannan ne masu hoto suka mayar madadin gumaka, har barde a kan dokinsa akan tsayar da shi cik, a ɗauke shi tamkar sassaƙe.

Hoton da ya fi shahara daga wancan zamani shi ne mafi muni. A ranar 22 ga Afrilu 1900 Faransawa suka kashe Rabeh a Kusuri, aka soke kansa a mashi, aka ɗauki hotonsa. Kwamandansu Lamy, wanda ya mutu a wannan yaƙi, an karrama shi da sunan gari, Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Shi kuwa Rabeh, wanda ya rusa Kukawa a 1893 ya kafa gidansa a Dikwa, wannan hoto ne ya zama shaidar da Turai ta san shi da ita. Aikin da gunkin nasara yake yi a dandalin birni, takarda ta yi shi, kuma ta fi shi nisan zango.

Turawan Birtaniya ma sun fifita nasu a kan 'yan ƙasa. Olive MacLeod ta zo Maifoni, kusa da Yerwa da aka kafa a 1907, domin ziyartar kabarin Bature mai yawon bincike Boyd Alexander, ta wallafa littafin tafiyarta a 1912. A irin waɗannan littattafai Bature yana da suna da tarihi, amma magina da bardaye da 'yan dako akasari ba a ambace su ba.

Duk da haka, bai kamata a watsar da waɗannan hotuna ba. Ginin ƙasa ba ya jure damina idan babu yaɓe, kuma da yawan abin da aka ɗauka ya rushe. Yau ɗalibi a unguwar Bulumkutu ta Yerwa yana iya ganin wasunsu a wayarsa, ko da yake na asalin suna ajiye a ɗakunan adana tarihi na Turai. Abin da ya dace shi ne ya tambayi wa ya ɗauka, da izinin wa, me aka bari a waje, sannan ya kai wa dattawa su duba. Su ne za su gane unguwa daga ƙofarta, su gane sarauta daga naɗin rawani, su cike sunayen da mai kyamara bai damu ya rubuta ba.