Ban Haƙuri a Riyad: Wa Ake Lallashi, Wa Ake Rufe wa Baki?

Idan motoci biyu suka gogi juna a titin Sarki Fahad da ke Riyad, direbobi suka fito suna kumfar baki, kafin ma'aikacin kamfanin Najm ya iso duba ɓarna, galibi wani mai wucewa ya riga shi shiga tsakani. Zai fuskanci wanda ya fi zafi ya ce masa "salli alan Nabi". Dole mutumin ya tsaya ya yi salati, don Musulmi ba ya jin an ambaci Annabi ya share. Kafin ya kai ƙarshe numfashinsa ya sauka, zagin da ya ɗauko ya maƙale. Bahaushen da ke kallo, direban gida ne ko ɗalibin Jami'ar Sarki Sa'ud, ba baƙon wannan dabara ba ne. A Kasuwar Kurmi ma haka ake kashe wutar rigima: "Yi ta'awwuzi, Malam", "Don Allah don Annabi", "Duba girman iyayenka." Tushen duka ɗaya ne, wato koyarwar Manzon Allah (SAW) cewa mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna.

Ban haƙuri fanni ne na magana mai ƙa'idojinsa, ko da yake ba a aji ake koyonsa ba. Gwanin fannin ba ya fara da tambayar wa ke da gaskiya. Sai ya fara ɗaga mai fushi sama tukuna. Mutumin Najadu zai ce "ɗala umruk", mu kuma "ranka ya daɗe" ko "Allah ya huci zuciyarka", kuma wanda aka yi wa kirarin manya yana jin nauyin ya ci gaba da tada jijiyar wuya kamar yaro. Daga nan sai a ɗauke laifin daga kan mai shi a ɗora wa wanda ba za a iya kai ƙara ba: sharrin Shaiɗan ne, tsautsayi ne, ajizanci ne. In abin ya ƙi, mai sulhu ya jingina mutuncinsa. Balaraben Riyad ya ce a shafe laifin a fuskarsa, dattijon Kano ya ce "Ni na yi maka, ka bar mini." Yanzu ƙin haƙura ya zama wulaƙanta dattijo, abin da ya fi asalin rigimar muni.

Baturen nan Anthony Kirk-Greene, a ɗan littafinsa Mutumin Kirki na 1974, ya sa haƙuri cikin manyan halayen da Hausawa ke auna mutum da su, tare da kunya da ladabi da mutunci. Ya yi daidai. Sai dai jerin halaye ba ya nuna wa ake yawan nema ya haƙura, kuma a nan ne maganar take.

"Yi haƙuri" ta danganta da bakin da ta fito. A bakin mai laifi, amsa laifi ce. A bakin maƙwabci ranar rasuwa, tausayi ne. A bakin mai iko kuwa, sau da yawa nufinta an rufe magana, tashi ka ba ni wuri. Da yake lafazin bai canza ba, wanda aka zalunta ba shi da ta cewa: in ya ƙi, shi ne marar tarbiyya.

Zaman Saudiyya yana fito da wannan ɓaraka fili. A watan Maris na 2021 hukuma ta sassauta tsarin kafala, aka ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki da fita ƙasa ba sai da sa hannun kafili ba, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba, kuma nan ne 'yan'uwanmu da yawa suke. Ɗauki misalin mace daga Arewa da albashinta ya maƙale. Uwar ɗakinta ta ce "isbiri", wato ki yi haƙuri. Ta kira gida, mahaifiyarta ta ce "Ki yi haƙuri 'yar nan, kowa da haƙuri yake zaune." Ta gaya wa ƙawa, ƙawa ta ce "Wata rana sai labari." Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma maganganun suna sanyaya zuciya da gaske, suna sa a iya barci. Amma ba a aika ko ɗaya zuwa ga mai riƙe da kuɗin ba. In ta dawo gida kuma ga kalmar "'yar takari" tana jiranta, wadda ke sa ta jin kunyar ba da labarin ma.

Ba wai a watsar da fannin ba ne. Garin da ba masu ban haƙuri kullum yana gaban alƙali. Abin da ya lalace shi ne jeri: a sulhun dattawa na gaskiya, mai laifi ne ke fara buɗe baki ya ce "Na tuba", sannan a roƙi wanda aka ɓata wa.

Wata Bahaushiyar Saudiyya, Nawal Al-Hausawi, mai lasisin tuƙin jirgin sama kuma mai ba ma'aurata shawara, ta bi wannan jeri. A 2013, wajen bikin ranar ƙasa a Makka, wata mata ta kira ta "abda", wato baiwa, a ƙasar da aka soke bauta tun 1962. Nawal ba ta haɗiye ba, ba ta kuma rama da zagi ba. Ta kai ƙara. Da matar ta nemi afuwa, sai ta yafe mata, ta bar maganar, ta kuma buɗe gangamin yaƙi da kalaman wariyar launin fata a kafofin sada zumunta.