Hoton Marubuci: Shaida ko Ado?

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya rasu a 1829, watau shekara goma kafin a bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839. Saboda haka duk fuskar da ake yaɗawa a Facebook da sunan hotonsa, ko na wansa Shehu Usmanu wanda ya rasu a 1817, ƙage ce kawai. Almajiran Gulma da Argungu da Birnin Kebbi sun daɗe suna karanta Liya'ut Tawili ba su nemi ganin kamannin mai shi ba, domin isnadin malamai ya ishe su shaida.

Ɗab'in boko shi ya kawo mana hoton marubuci a bangon littafi, ya kuma zo da nasa aibi. Mai ɗaukar hoto yakan zaunar da kowa zama ɗaya: babbar riga, alƙalami a hannu, tarin littattafai a baya, fuska a murtuke. Wannan kuwa hoton muƙami ne, ba na mutum ba.

A duba Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Makaho ne, da ka yake tsara baitocinsa, wasu su rubuta. In aka damƙa masa alƙalami don a ƙawata hoto, an yi wa mai karatu ƙarya game da yadda waƙar ta samu. Haka Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, wanda armashin waƙarsa yana wurin rerawa: hoton da ya dace da shi shi ne wanda ya kama shi a gaban jama'a, baki buɗe, yana tsakiyar baiti.