Gwajin Ƙarfin Hannu: Awo ne ko Mudun Algus?

Ga yadda ake yinsa. Ana sa mutum ya miƙe hannunsa daidai kafaɗa, mai gwaji ya danna shi ƙasa da yatsu biyu, shi kuwa ya turje. Sai a ba shi sukari ko kwalbar magani ya riƙe a ɗaya hannun, a sāke dannawa. In hannun ya faɗi, a ce jikinsa ya ƙi abin. In ya tsaya, a ce jikinsa na bukatarsa. Sau da yawa mai dannawar shi ne mai sayar da maganin. 'Yan ikilisiya kuwa sukan zo wurinmu da tambaya: "Fasto, ya dace mai bi ya yi wannan?"

Asalinsa Amurka ne. A shekarar 1964 wani mai gyaran ƙashin baya a birnin Detroit, George Goodheart, ya fara koyar da shi. Kafin shi likitoci suna auna ƙarfin tsoka, musamman ga masu shan inna, har yau kuma suna yi; wannan awo sahihi ne, gama tsoka ake tambaya game da tsoka. Abin da Goodheart ya ƙara shi ne cewa kowace tsoka tana haɗe da wata gaɓa ta ciki, har raunin hannu ya iya faɗin halin da hanta ko ƙoda take ciki. A 1973 John Thie ya fitar da littafin Touch for Health, wanda ya sa hanyar a hannun waɗanda ba su karanci likitanci ba.

An gwada ta. Masanin halayyar ɗan Adam Ray Hyman ya ba da labarin yadda wasu masu wannan aiki suka nuna masa cewa hannu yana bambanta sukari iri biyu da aka ɗiga a harshe. Muddin suna sane da wanda aka ɗiga, hannu yana bin abin da suka faɗa. Da aka ɓoye wa mai dannawa da wanda ake dannawa, sai sakamako ya koma kamar canki-canka. Shugabansu bai sake ra'ayi ba. Cewa ya yi dalilin da ya sa suka daina irin wannan gwajin ke nan. Wani bincike da aka buga a 1988 a mujallar masana abinci ta Amurka ya sami haka: dannawar ba ta yi daidai da awon jini ba, masu dannawar ma ba su yi daidai da juna ba.

To me ke sa hannun faɗuwa? Tun 1853 Michael Faraday ya nuna cewa masu zagaye tebur suna kiran ruhohi, su ne ke tura teburin da hannuwansu ba da saninsu ba. Haka nan mai gwaji: in yana sa ran hannu zai faɗi, yakan danna da wuri kaɗan, ko ya sauya kusurwa, shi kansa bai lura ba. Saboda haka ba kowane mai yi ne maƙaryaci ba. Wasu sun gaskata da zuciya ɗaya, abin da ya fi wuyar gyara ke nan.

A nan muke ganin kuskuren wasu abokan aikinmu, masu saurin cewa ikon aljanu ne. In muka faɗi haka, mun amince ke nan cewa abin yana aiki, mun kuma ƙara masa kwarjini. Laifinsa na fari shi ne wanda Karin Magana 11:1 ya ambata, wato ma'aunin algus. Amma akwai inda yake tsallake iyaka. A 1995 David Hawkins ya yi da'awa a littafinsa Power vs. Force cewa hannu yana iya bambanta gaskiya da ƙarya a kowace magana. Idan aka fara tambayar hannu wa za a aura, ko wane ne ya jawo ciwon, an shiga abin da Maimaitawar Shari'a 18 ta hana. Bai bambanta da bugun ƙasa ba, ko da Sarkin Babila da ya duba hanta a mararrabar hanya (Ezekiyel 21:21), sai dai wannan boka ya sa farar riga.

Nassi bai tsoraci gwajin gaskiya ba. A Littafin Firistoci 13, firist yakan duba ciwon fata, ya keɓe mutumin kwana bakwai, ya sāke dubawa kafin ya yanke magana. Daniyel ya roƙi a gwada abincinsu kwana goma a kwatanta su da sauran samari.

Don haka idan ɗan ikilisiya ya zo, kafin mu buɗe aya mu tambaye shi ko an sa ya bar maganin hawan jini ko na ciwon sukari. In an sa, mu raka shi asibiti a ranar. Wanda kuma ya roƙi zauren ikilisiya ko minti biyar a lokacin sanarwa don ya yi wannan gwaji, dattawa su hana, ko da ɗan'uwa ne mai ba da zakka a kan kari.