Akin Euba da Yunƙurin Mayar da Piyano Ganga

An haifi Akin Euba a Legas a 1935, ya kuma rasu a watan Afrilu na 2020, saura mako biyu ya cika shekara 85. A hannun mahaifinsa ya fara koyon kiɗan piyano, sannan ya tafi Kwalejin Kiɗa ta Trinity a Landan a 1952, inda ya ƙware a kan kaɗawa da kuma tsara kiɗa bisa tafarkin Turawa. Da ya komo gida ya yi aiki a gidan rediyon Nijeriya, daga baya ya koyar a jami'o'in Ife da Legas, ya zauna a Bayreuth ta Jamus, ya ƙare aikinsa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka. Digirinsa na uku daga Jami'ar Gana ne, a 1974, kuma a kan kiɗan dundun na Yarbawa ya yi shi. Wannan bincike shi ne tushen littafinsa kan dundun da ya fito a 1990.

Abin da ya fi jawo masa suna shi ne ra'ayin da ya kira piyanon Afirka. Hujjarsa mai sauƙi ce. Duk da cewa daga Turai piyano ya zo, a cikin cikinsa 'yan gudumomi ne ke bugun tsirkiyoyi, wato dai abin bugu ne, dangin ganga. Saboda haka babu abin da zai hana a sa shi ya yi aikin gungun makaɗa: hannun hagu ya riƙe amo guda yana nanatawa kamar ɗan amshi, hannun dama ya yi ta yawo a kansa kamar uban kiɗi. A cikin Scenes from Traditional Life, wanda ya tsara a 1970, an ga wannan dabara a fili, kuma ta fuskar bugu da saɓawar amo aikin ya yi armashi ƙwarai.

Matsalar tana wajen magana. Dundun ɗan'uwan kalangu ne. Makaɗi kan matse tsirkiya ko ya sassauta ta, sai murya ta hau ko ta sauka, ta kwaikwayi karin sautin harshe. Da haka ne mai kalangu ke fitar da taken mutum, kowa a wurin ya ji abin da ganga ta faɗa. Piyano kuwa maɓallai 88 gare shi, kowanne da muryarsa tsayayya, kuma da zarar an buga ba a iya lanƙwasa ta. Yana iya nuna karin sama da na tsakiya da na ƙasa na Yarbanci da maɓallai uku, amma zamewar da ke tsakaninsu, irin wadda Bahaushe ke ji a karin faɗau, ta fi ƙarfinsa. Ashe ke nan piyanon Euba ya ari tafiyar ganga, bai samu harshenta ba. Ga wanda ya shafe shekaru yana nazarin dundun, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Har ila yau, a Scenes ya guje wa jituwar muryoyi da kunne ya saba da ita, ya bi salon mawaƙan Turai na ƙarni na 20 waɗanda suka watsar da ita. Sakamakon haka, mutumin Legas da aka ce rayuwarsa ake siffantawa da wuya ya gane kansa a ciki, alhali masanin kiɗa na jami'a yana iya warware ƙullin a kan takarda. A nan ne sukar da ake yi wa irin wannan kiɗa, cewa na 'yan boko ne kawai, take da ƙamshin gaskiya.

Wakar Duru ta 1987 ta fi kusa da jama'a. Sunan kansa abin lura ne ga ɗalibin harshe: waƙa Hausa ce, duru kuwa sunan da Yarbawa ke kiran kayan kiɗa masu maɓallai. A nan Euba ya ɗauko waƙoƙin da mutane suka riga suka sani, ciki har da ta Gwari, ya bar karinsu yana fitowa sarari, piyano kuma yana yi musu kiɗi. Da yake waƙar ce ke ɗauke da magana, ba a ɗora wa piyano nauyin da ba zai iya ba. Masu ganin aikin ya kasa Scenes zurfi sun auna shi ne da ma'aunin Turai.

Euba ya sha ambaton Bela Bartok na Hangari, wanda ya tattara waƙoƙin ƙauye ya gina sabon kiɗa da su, a matsayin abin koyi. Bambancin shi ne Bartok ya tarar da makarantu da zaurukan kiɗa da masu saurare a ƙasarsa. Euba kuwa a Turai da Amurka aka fi kaɗa ayyukansa da nazarinsu, kuma ta hannun irin su Joshua Uzoigwe, mai Talking Drums, ra'ayin nasa ya ci gaba.