Sherif ɗin Wigtown: Kujerar Shari'ar da Aka Gada, Gwamnati ta Fanshe

A ƙuryar kudu maso yammacin Sikotlan, cikin yankin Galloway, akwai tsohuwar gundumar Wigtown. Daga 1451 zuwa 1748 gida ɗaya ne, gidan Agnew na Lochnaw, ya riƙe muƙamin sherif a wurin, in uba ya kwanta dama ɗa ya hau, ban da 'yan shekarun da aka ƙwace musu shi. Tarihin wannan kujera ya isa a gane yadda shari'ar karkara ta Sikotlan ta tashi daga dukiyar gado ta koma aikin albashi.

Kada mai karatu ya kawo sherif ɗin finafinan Amurka mai bindiga a ƙugu. Na Sikotlan ya fi kama da hakimin da aka haɗa masa aikin alƙali. Daga Ingila aka aro tsarin, ya kafu a zamanin Sarki David na Ɗaya (1124 zuwa 1153), aka fara da garuruwa irin su Roxburgh da Berwick da Perth, kafin ya kai Wigtown a ƙarni na 13. Sherif ne ke tara kuɗin sarki ya je ya ba da lissafi a baitulmali, shi ke kiran mazaje su fito da makamansu a duba, shi kuma ke zaman babbar kotu sau uku a shekara, inda masu riƙe da ƙasar sarki dole su hallara. Manyan laifuka huɗu, wato kisa da fashi da fyaɗe da ƙona gida, na babban alƙalin sarki ne. Amma ɓarawon da aka kama da kaya a hannu, ko mai kisan da jini bai bushe masa ba, sherif na iya yanke masa hukunci nan take.

Me ya sa sarki zai sakar wa gida ɗaya irin wannan iko har jikoki? Don ba shi da zaɓi. Galloway na da nisa da Edinburgh, kuma a wancan lokaci gidan Douglas ne ke juya ta. Sarki James na Biyu, wanda ya tabbatar wa Andrew Agnew muƙamin, shi ne ya daɓa wa shugaban gidan Douglas wuƙa da hannunsa a Stirling a 1452, ya kuma rusa ƙarfinsu a 1455. Mai irin wannan rigima yana bukatar mutanensa a ƙasa, abin biya kuwa sai muƙami. A 1455 ɗin majalisa ta yi dokar hana ba da muƙamai a matsayin gado, amma sarakunan da suka biyo baya ba su kiyaye ta ba. Gidan Campbell na Loudoun ya riƙe Ayr, Douglas na Cavers ya riƙe Roxburgh, Dunbar na Westfield ya riƙe Moray.

Illar abin a fili take. Gado ba ya tambayar ilimi, don haka sherif na iya zama jahilin doka, ko yaro ƙarami, sai a naɗa wakili ya zauna masa. Wani kaso na tarar da ya ci mutane aljihunsa take shiga. Idan ƙararka da surukinsa ce, to sai haƙuri. Sarki James na Shida ya koka da wannan a littafinsa Basilikon Doron na 1599, inda ya lissafa muƙaman gado cikin manyan abubuwan da ke hana doka aiki.

Sai dai Wigtown ta nuna ɗaya fuskar, wadda masu yabon gyara kan tsallake. A zamanin Charles na Biyu, mutanen Galloway da yawa sun ƙi yarda sarki ya zama shugaban cocinsu, suna fita jeji suna ibada. Gwamnati ta so a murƙushe su, Sir Andrew Agnew na lokacin kuwa ya yi ta jan ƙafa, domin maƙwabtansa ne da masu noma gonakinsa. Da aka kawo dokar rantsuwa ta 1681 ya ƙi rantsewa, aka tuɓe shi, a 1682 aka ba John Graham na Claverhouse, sojan da ba ɗan yankin ba, ɗan'uwansa David na yi masa mataimaki. Har Sir John Dalrymple, mai riƙe da kotun gado ta Glenluce, ya yi karo da Claverhouse a kan wa ke da hurumin cin tara, ƙarshe shi aka ci tara aka tsare a Edinburgh. A waɗannan shekaru ne, ranar 11 ga Mayun 1685, aka ɗaure mata biyu daga cikin masu ƙin nan, Margaret McLachlan dattijuwa da Margaret Wilson budurwa, a turaku a bakin kogin Bladnoch har ruwan teku ya hau ya rufe su. Abin nan da ya sa sherif ɗin gado ya fi ƙarfin talaka, shi ne ya sa ya iya ce wa sarki a'a. Bayan juyin mulkin 1689 aka mayar wa gidan Agnew kujerarsu.

Yarjejeniyar haɗewa da Ingila ta 1707, a sashe na 20, ta amince cewa muƙaman gado dukiya ce ta masu su. Wannan ne ya sa da ranar rusa su ta zo, dole aka biya. Dalilin rusawar ba tausayin talaka ba ne, tsoro ne. Bayan tawayen magoya bayan gidan sarautar Stuart da aka karya a Culloden ranar 16 ga Afrilun 1746, Landan ta ƙudurta cewa babu wani babban gida da zai sake tara mayaƙa da ƙarfin kotunsa. Aka yi doka a 1747, ta fara aiki a Maris na 1748. An biya diyyar kusan fam 152,000, Duke na Argyll kaɗai ya kwashi 21,000.

Abin dariya, ko na takaici, shi ne sherif ɗin gado na ƙarshe a Wigtown, wani Sir Andrew Agnew, sojan gwamnati ne. Ya yi yaƙin Dettingen a 1743, kuma shi ya tsare ganuwar Blair a Maris na 1746 lokacin da 'yan tawaye suka kewaye ta. Ladansa shi ne aka karɓe kujerar kakanninsa aka ba shi fam 4,000.

Sabon tsarin ya ce sarki ne zai naɗa, kuma sai lauyan da ya yi aƙalla shekara 3 yana aiki, da albashi. Nan ma da sauran rina a kaba. Wata 4 kawai doka ta wajabta masa zama a gundumarsa, saboda haka yawancinsu na Edinburgh suna neman kuɗinsu, aikin yau da kullum na hannun wakili, wanda sai a 1825 aka sharɗanta masa ilimin lauya. Marubucin nan Walter Scott irinsu ne: ya riƙe Selkirk daga 1799 har mutuwarsa a 1832 a kan fam 300 a shekara, kuma sai da aka matsa masa ya nemi gida a cikin gundumar. An rabu da mai gadon da bai san doka ba, an samu masanin doka da bai cika sanin mutanen ba.

Wigtown kanta ta narke a hankali. An haɗa ta da Kirkcudbright, sannan da Dumfries a ƙarni na 19. Dokar 1971 ta ba wakilin nan sunan sherif, tun da shi ke aikin, kuma daga 1975 aka raba Sikotlan yankunan shari'a 6. Yau mutumin wannan gunduma Stranraer yake kai ƙararsa, gaban alƙalin da zai iya ɗaurin shekara 5 idan ya zauna da masu taya shari'a 15.

A ganina dokar 1747 gyara ce mai kyau da aka yi da niyyar ramuwa. Amma ba ita kaɗai ta kare talakan Galloway ba, domin Claverhouse ma naɗin sarki ne. Kariyar ta samu ne daga baya, lokacin da ya tabbata cewa ba a tuɓe sherif don ya ɓata wa gwamnati rai, sai an same shi da laifi ko gazawa.