Kafin a ɗauki hoto, sun karanta tafiyarka

A wajen yawancinmu ɗingishi duk ɗaya ne. A wajen ƙwararren likitan ƙashi ko na gashin ƙashi kuwa, irin waɗanda ake samu a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, ɗingishi iri-iri ne, kowanne da inda yake nunawa. Shi ya sa tun kafin ya taɓa mara lafiya za ka ji ya ce, "Baba, a cire takalmi, a taka zuwa bakin ƙofa a dawo." Sai ya duba ta baya, ya koma ta gefe, ya kuma kasa kunne.

Lokaci yake fara aunawa. A tafiyar mai lafiya, kowace ƙafa tana yin kusan kashi 60 cikin 100 na lokacinta a ƙasa, sauran 40 a sama. Ƙafar da ke ciwo ba ta yarda ta cika nata kason. Da an ɗora ta sai a yi maza a ɗauke, kamar an taka garwashi.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne sha'anin ƙugu. Duk lokacin da mutum ya ɗaga ƙafar hagu, wata tsoka da ke gefen kwatangwalon dama ce ke riƙe ƙugun kada ya karkace. Idan ta yi rauni, ɓangaren hagu ne zai riƙa zubewa a kowane taku, mutumin kuma ya riƙa jefa ƙirjinsa dama don kada ya faɗi. Wanda bai sani ba zai rantse hagun ce ta lalace, alhali matsalar tana dama. Wani likitan tiyata Bajamushe, Friedrich Trendelenburg, ya bayyana wannan alama a 1895, kuma har yau da sunansa ake kiran ta. A ƙasar da masu sikila suka yi yawa irin tamu, sanin wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin cutar kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya fara mutuwa. Wani lokaci ma yaro gwiwa zai riƙa nunawa yana kuka, a yi ta shafa mata magani, amma mai ido ya kalli takunsa ya ce a duba kwatangwalo.

Kunne ma yana da aikinsa. Idan jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa ta samu matsala, yatsu sai su riƙa jan ƙasa, mutum ya dinga ɗaga gwiwa sama fiye da kima, ƙafar ta sauko da ƙara, fat, fat. A yara, abin takaici, sau da yawa allurar da aka yi a ɗuwawu ba a daidai wurin ba ce ke taɓa babbar jijiyar. Wanda ke dafa cinya da hannu a kowane taku kuma, tsokar gaban cinyarsa ce ta gaza, sai hannu ya karɓi aikin kulle gwiwa. An fi ganin haka ga waɗanda shan-inna ta taɓa. Rabon Najeriya da asalin ƙwayar cutar tun 2016, amma waɗanda ta bari da rauni suna nan tare da mu. Hatta ƙasan tsohon takalmi likitocin sukan juya su duba ɓangaren da ya fi cinyewa.

Duk wannan ba ya hana a ɗauki hoto ko a yi gwajin jini, sai dai yana faɗa wa likita inda zai nema, ya rage wa talaka kashe kuɗi a kan gwiwar da lafiyarta ƙalau. Iyaye, idan yaro ya fara ɗingishi ba tare da ya faɗi ba, musamman in da zazzaɓi ko ya ƙi taka ƙafar sam, kada a tsaya jiran ya warware da kansa. A kai shi asibiti a ranar.