Imanin Yaro da Idon Jama'a a Ƙagaggun Labarai Uku

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba jigon imanin ƙuruciya da matsin da jama'a ke yi wa yaro da sunan addini. Sau da yawa manazarta sukan cakuɗa abubuwan nan biyu, su ce marubucin da ya nuna yaro yana shan wuya a makarantar allo ya soki addini ke nan. Mu a namu ganin, imanin da ke zuciyar yaro daban, abin da jama'a ke son gani a jikinsa daban. Za mu kafa hujja da littattafai uku: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934), da Al-Ayyam na Ɗaha Husaini na Masar (1929), da L'Aventure ambiguë na Shaihu Hamidu Kane na Senegal (1961).

2.0 Imani a Matsayin Mafaka

A Shaihu Umar ba a ga wani saɓani tsakanin yaro da addininsa ba. An raba Umar da mahaifiyarsa tun yana ƙarami, aka bi da shi ta hamada a hannun Balaraben fatake, Abdulkarim. A can baƙuwar ƙasa karatun Alƙur'ani da sauran ilmi suka zame masa gata, har ya zama shaihin da almajirai ke kewayewa a Rauta. Abin lura shi ne, Umar ba shi da dangi kusa da za su ji kunya in ya kāsa, ko su yi alfahari in ya iya. Saboda haka karatunsa bai zama abin nuni ga kowa ba. Wannan littafi shi ne ma'aunin da za mu gwada sauran biyun da shi.

3.0 Allon Gwaji da Sallar Ɓoye

A Al-Ayyam yaron makaho ne, ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 9, iyayensa suka shiga kiransa shaihi. Sai dai laƙabin ya riga ilmin zama, domin haddar ta zube ba wanda ya sani. Ranar da uban ya gwada shi gaban baƙi, ya ce ya karanta Suratul Shu'ara'i, yaron ya kasa wuce farkonta. Abin da ya fi ƙona uban shi ne kunyar baƙi, malamin kuwa mutuncinsa da ladan karantarwarsa yake karewa. Da aka sake gwada yaron wani lokaci ya sake kasawa, baƙin ciki ya kai shi ga saran ƙeyarsa da wuƙar sara nama.

To, amma a littafin nan dai akwai wani wuri da ya kamata a ajiye kusa da wannan. Da annobar kwalara ta 1902 ta kashe wansa, yaron ya lissafa sallolin da azumin da yake ganin ana bin mamacin, ya ɗaukar wa kansa yin kowace salla sau biyu da azumin wata biyu a shekara, ya kuma ɓoye wa mutanen gidan. Ga ibada mai nauyi wadda ba wanda ya tilasta, ba kuma wanda ya gani. Marubucin ya yi wa malamin makaranta ba'a, amma bai yi wa wannan alkawari na yaro ba'a ba.

4.0 Malami da Mahaukaci

Littafin Kane ya fi sauran tsauri. Malam Cerno yana azabtar da Samba Jallo in ya yi tuntuɓen harshe a aya, kuma yaron, duk da ɗan gidan sarauta ne, yana yawon bara tare da sauran almajirai. Duk da haka Samba yana ƙaunar malaminsa, yana jin daɗin ayoyin tun bai san ma'anarsu ba. Bayan da yayar sarki ta rinjayi jama'a aka sa shi makarantar Turawa, har ya tafi Faransa karatun falsafa, ya komo gida zuciyarsa a rabe. A nan ne matsi ya bayyana a siffar mahaukacin garin, wanda ya nace sai Samba ya yi salla a kabarin Cerno, ya kuma kashe shi a kan haka. Ba banza marubucin ya ɗora wannan aiki a hannun mahaukaci ba. Cerno yana neman gyara zuciya ne, ko da hanyarsa mai zafi ce. Mahaukaci kuwa ruku'u da sujada kawai yake son gani da idonsa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa a littattafan nan imanin yaro yakan yi ƙarfi ne inda ido bai kai ba: a baƙuntar Umar, da sallar ɓoye ta yaron Masar, da ƙaunar Samba ga ayoyi. Rauni kuwa yakan zo ne lokacin da manya suka mai da ibadar yaro abin kare mutuncinsu. Wannan batu ya shafe mu malaman kwalejojin ilmi kai tsaye, domin ɗalibanmu su ne za su karantar da adabi ga yaran da yawancinsu suka fara da allo. In muka koya musu cewa irin waɗannan littattafai gaba suke yi da addini, za su guje su. In muka ce yabon tsohuwar tarbiyya ne zalla, za su rufe ido ga wuyar da yaro ke sha. Wajibi ne mu horar da su tambayar da marubutan suka yi: wannan ibada, don wa yaron yake yin ta?